Kaza da 'Ya'yanta Sun Fito Ko Ba Su Fito Ba?

Zuwa ga inuwata ta tsakar rana, randar ruwan sanyina, uwar 'ya'yana, tsohuwata wadda ba ta tsufa a idona,

Gaisuwa mai yawa. Tela maƙwabcinmu ne ke rubutawa, ni nake faɗa. In kin ga wata kalma mai kama da kuka, tasa ce, ba tawa ba.

Lafiyata ƙalau. Ina ci, ban san me na ci ba. Ina kwanciya, gari ya waye. Ko fushin da kika san ni da shi, na neme shi jiya na rasa inda na ajiye shi.

Ya ke raɓar safiyata! Kin tuna ranar da 'yarmu ta zo da mota ta ɗauke ki, wai ki je ki kama mata jego? Kina ɗaura ɗankwali a bakin ƙofa kika ce: Malam, da zarar kaza da 'ya'yanta sun leƙo daga gabas bayan magariba, ka shimfiɗa mini tabarmata. Na riƙe maganar nan kamar yadda bango ke riƙe ƙusa. Jaririn yanzu har ya fara rarrafe, in ji su.

To ga inda abin ya tsaya. Yanar nan ta gama rufe mini ido. Na ɗaga kai sama, sai in ga kamar an shafe allo da jiƙaƙƙen tsumma. Ina jan tauraron nan mai kamar garwashi? Ina ukun nan masu tafiya a jere kamar 'yan uwa ɗaya? Zara kaɗai ta rage mini, ita ma don ba ta ƙyaftawa ne, tsaye take kamar ke in kin yi niyyar musu. Da can ke ce idona. In zauna kan dakali in nuna da sanda in ce wance tana can, ke kuma ki ce tana nan, Malam, sai dai ta ɗan riga jiya fitowa. Wa zai gaya mini haka yanzu?

Na tambayi tela ko kaza ta fito, ya ce shi zare da allura ya sani. Na tambayi mai shago, ya nuna mini jirgin sama, wai ga ta nan tana tafiya! Kuma sun kafa wata farar fitila a ƙofar gidanmu, ba wanda ya nemi izinina, ta haɗiye rabin sama. Surukinki mai gilashi ya ce a waya wai taurari ranaku ne masu nisa, wai da rana ma suna nan, haske ne ke ɓoye su. Na ce masa ban aike shi ba. Abu ɗaya na tambaye shi, ko kaza da 'ya'yanta sun fito, ya ce a unguwarsu fitilu sun yi yawa, ba a ganin komai daga bene. Ashe ke ma ba kya gani? Ashe alkawarinmu yana rataye a sama, ni ba ido, ke ba duhu?

Sanyi ya fara shiga gwiwata, kuma kin san tare suke zuwa da kaza da 'ya'yanta. Ni na ce sun fito. Amma ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba.

Saboda haka, zumar tsufana, ba roƙo nake ba, kin san ban iya ba. Ki zo dare ɗaya tak. Mu zagaya bayan gida inda fitilar ba ta kai, ki duba gabas da kanki. In ba su fito ba, ki koma, wallahi ba zan riƙe mayafinki ba. In kuwa sun fito, ke kika faɗa, ba ni ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Mijinki mai taurin kai