Hannun Murtala

Kaura Namoda,
Rajab, 1421.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, yaya mutanen Zurmi? Ina gaida Malam Hayatu da zai karanta miki wannan, Allah ya saka masa da alheri. Rahina da yara suna gaishe ki, duk muna lafiya.

Saƙon Kawu Sha'aibu ya iso ni, cewa in ƙanena Murtala bai bar shaye-shaye ba zuwa Babbar Salla, zai zo da kansa ya kai shi gidan mari. Ban ga laifin Kawu ba. Tun da aka kafa shari'a kowa ke tsoron kada a kama yaron a zane shi a bainar jama'a. Amma Inna, mutumin da ya yi rabin yini danne ƙarƙashin mota da buhunan gero a hanyar Shinkafi, in aka ƙara sa masa ƙarfe a ƙafa, ina tsoron mu rasa shi ɗungurungum. Tun ranar da Jamilu, direban da yake yi wa yaron mota, ya rasu a wannan hatsarin bai sake shiga mota ba. Shi ya hana shi zuwa gaishe ki, ba mantuwa ba. Ko hannunsa aka taɓa sai ya fizge kamar an ɗora masa garwashi. Sholisho da ƙwayar nan, barci yake nema da su.

To ga labari, kuma na san za ki yi dariya. Akwai wani dattijo, Tambari, mai kawo yashi da jakai daga gulbin Gagare. Ashe tsohon ɗan kokawa ne. Da la'asar yakan tara samari a kan yashin gulbi yana koya musu, ba kiɗa, ba caca, ba laya. Ya kawo mini riga ɗinki, ya ga Murtala zaune bakin shago da tsumman sholisho a hannu, sai ya ce in kawo masa shi. Na lallashe shi muka je. Da aka haɗa shi da wani yaro, yaron na kama shi, sai Murtala ya kurma ihu ya yi gefe yana makyarkyata. Na ce shi ke nan, mu koma gida. Tambari ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to ni in tuɓe riga, tunda ni jikinsa ya sani.

Ni fa, Inna! Tela mai tumbi, wanda rabonsa da gudu tun ranar da bijiminki ya biyo mu a masussuka. Yanzu kullum la'asar ɗanki babba yana can yana shan kaye a hannun ɗanki ƙarami. Rahina ta gaji da share yashi a ɗaki, ta ce ta auri tela an musanya mata da jakin Tambari. Amma Murtala yana dawowa da yunwa, ya cinye tuwonsa ya leƙa nawa. Rabon da in ga haka har na manta.

Don Allah ki roƙar mana Kawu ya ƙara haƙuri. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Mahmuda.

Kaura Namoda,
Shawwal, 1421.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Salla, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina fatan sanyi bai tayar miki da ciwon ƙafa ba. Ƙuli-ƙuli da daddawar da kika aiko sun iso. Ƙuli-ƙulin bai kwana ba, kuma ba yara suka cinye ba.

Ba zan ɓoye miki ba, an samu tuntuɓe. Bayan Salla tayar wata babbar mota ta fashe kusa da shagona. Kafin in juya Murtala ya ɓace, da ya dawo kuwa warin sholisho ya riga shi shigowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Malam Hayatu, wannan tsakaninmu ne, kada ta kai kunnen Kawu ta bakinka.

Tambari yana da doka: kafin kowa ya taka yashi sai ya hura masa numfashi. Da ya ji warin bai yi faɗa ba. Ya zaunar da Murtala a gefe, ya haɗa ni da wani mahauci mai ƙirji kamar ƙofar zaure. Inna, na ga taurari da rana tsaka. Ƙanena yana zaune yana kallon yadda ake nuƙurƙusa yayansa saboda shi. Washegari tun kafin la'asar ya riga ni shiri, bakinsa fes.

Akwai kuma wata doka, ita na fi son ki ji. A wurin Tambari kokawa ba ta ƙare ba sai wanda ya yi kaye ya kama hannun wanda ya faɗi ya tashe shi. Murtala yakan rungumi ƙugu, yakan yi taɗiya, amma hannu da hannu bai yarda ba. In ya kayar da ni sai ya ja da baya, ni in tashi da kaina, Tambari kuma ya kau da kai. To ranar da ya dawo ɗin, ya ɗaga ni ya maka da ƙasa, sai dattijon ya yi mini ido. Na gane. Na miƙa hannu sama na ƙi tashi.

Na daɗe a kwance. Yashi ya cika mini kunne, hannuna ya fara sagewa. Murtala yana tsaye kaina, gumi na zuba, yana duban hannun nan kamar bai taɓa ganin hannu ba. Na rantse a raina ko magariba za ta same ni a nan ba zan sauke ba. Can sai na ji yatsunsa a wuyan hannuna. Ya ja, na tashi, amma bai sake ni ba. Ya durƙusa ya fashe da kuka.

A hanyar gida ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ashe a ƙarƙashin motar nan Jamilu ya riƙe masa wuyan hannu, yana roƙonsa ya ja shi. Murtala ya ja iya ƙarfinsa, bai iya ba, don shi ma a danne yake. Haka hannun ya yi sanyi a jikin nasa, har sai da masu ceto suka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda ƙanena yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ni ina gefensa ina yi masa faɗan tsumma. Na yi kuka, Inna, a kan titi, da gemuna.

Tun ranar barcinsa ya fara daidaita. Yanzu yana taya Tambari lodin yashi da safe, yana samun na sabulu. Ni kuwa ƙuguna ne ke ba ni labari duk asuba, amma zuciyata wasai.

Rahina tana gaisuwa, ta ce a faɗa miki tumbin ya ragu.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Mahmuda.

Kaura Namoda,
Zulhajji, 1421.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, yaya zafin da ya fara, yaya shirin Salla? Allah ya nuna mana lafiya. A gaida Kawu Sha'aibu da iyalinsa, da Malam Hayatu.

Wannan ba za ta yi tsawo ba, ɗinkin Salla ya taso ni gaba, ga kuma mai ɗaukar wasiƙar yana tsaye kaina yana gaggauta ni.

An sallame ni daga kokawa. Tambari ya ce na gama aikina, in koma kan kekena tun ban karye ba. Na yi kamar na ji haushi, amma Allah ya sani na gode. Murtala yanzu da kowa yake kamawa. Kwanan baya samarin Sakajiki suka gayyace su wasa, wani ƙato ya kayar da shi, ya faɗo masa a ƙirji da duk nauyinsa. Nan take na miƙe tsaye. Sai na ga ƙanena kwance yana dariya, ya miƙa hannu a tashe shi. An kayar da shi a gaban mutane, ni kuwa na dawo gida ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Ban ce miki ya warke sarai ba. Akwai ranakun da yake tashi shiru, in ya ji ƙarar babbar mota yakan tsaya cak. Amma yanzu in abin ya taso masa gulbi yake nufa, ba rumfar mai faci inda ake samun sholisho ba. Tun tuntuɓen nan na bayan Salla ban sake jin warin komai a jikinsa ba. Ki faɗa wa Kawu ya bar maganar mari. In yana shakka ya zo ya gwada kama shi, ni dai na ba shi shawara ya nemi wuri mai yashi.

Sakajikin nan a bayan babur muka je. Daga baya ya shiga mota zuwa Kasuwar Daji, ina gefensa, ya jiƙe sharkaf da gumi amma bai ce a tsaya ba. Jiya da kansa ya ce wannan karon kada in ba direban Zurmi wasiƙa, kuma kada in raka shi.

Saboda haka, Inna, in Malam Hayatu ya kawo nan a karatu, ki ɗaga kai ki dubi wanda ya kawo takardar. Na san kin riga kin gan shi, na san kuma kin yi kukanki kin gama. Ya yi baƙi, wuyansa ya yi kauri, rigar da ke jikinsa ni na ɗinka, kada ki yarda ya ce miki saye ya yi. Ki ba shi tuwo da yawa. Sannan ki kama hannunsa, nan daidai wuyan hannun, ki riƙe iya son ranki. Ba zai fizge ba.

Ɗanki,
Mahmuda.