Rasuwar Hajiya Mailafiya Mai Wankan Gawa a Ƙasar Amurka

Daga Ƙungiyar Matan Hausawa Mazauna Utaibiyya, Makka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini, ni Hajiya Iyatu, Magajiyar ƙungiya, a madadin iyaye mata da 'yan uwa duka, nake sanar da mutanenmu na unguwannin Utaibiyya da Rusaifa da na gida Najeriya da Nijar cewa waya ta iso mana da labarin rasuwar Uwar ƙungiya, babbar yayarmu, Hajiya Mailafiya 'yar marigayi Alaramma Malam Isa, wadda Allah Ya karɓi abarsa a wani ɗan ƙaramin gari can ƙasar Amurka, inda ɗanta Dakta Abdulwasi'u yake aikin asibiti, shi ne ya ɗauke ta bara don a duba mata gwiwa. Ni ban yi boko ba, faɗa nake, sakatariyarmu Malama Sa'adatu tana rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Kowa ya san Yaya Mailafiya. Tun muna da ƙarfinmu, duk macen da ta rasu a cikinmu, mai takardar zama ta iƙama ce ko marar ita, ita take naɗe hannun riga ta shiga wanka, ta suturta ta, ta bi ta har Harami a yi salla, kuma ko dabino ba ta taɓa karɓa a kan haka ba. Ita ta wanke uwata, ita ta wanke 'yata. Lokacin Hajji kuwa ba ta zama, tana Muzdalifa tana tsinto tsofaffi mata da motarsu ta tafi ta bar su, ta ba su ruwa, ta yi musu Hausa har hankalinsu ya kwanta.

To, abin da ya hana mu sukuni shi ne garin nan da ta rasu. Ita da bakinta take ba ni labari a waya. Ta ce gidajen katako ne, kowanne da ciyawa a gabansa, babu katanga, amma babu mai leƙa wani. Ta ce yawanci tsofaffin Turawa ne, 'ya'yan sun tafi birni, gidaje da dama an kafa musu allon sayarwa. Ba ka ganin mutum a ƙafa, kowa cikin mota, sai ka wuni a taga ba ka ji kukan jariri ba. Kiran salla a waya take ji. Musulmi a garin, su ne kaɗai. Mu da muka saba cunkoson hara, wato lungunan unguwarmu, ka yi tari maƙwabciya ta ce sannu ta bayan bango! Ta ce a can garin akwai wata tsohuwa mai kirki da take ɗaga mata hannu kullum, ita kaɗai a ƙaton gida da karenta. Da ta mutu ba a sani ba sai da haushin karen ya yi yawa, daga baya aka ƙona gawar, wai haka ta yi wasiyya, aka ba 'yarta tokar a ɗan tulu. 

Kuma likkafanin Yaya yana nan wurina. Ita ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya a saman bene, ta ninke da turare, kamar yadda dukanmu muka yi. Da za ta tafi ta ƙi sa shi a jaka, ta ce in ta ɗauka kamar ta yi sallama da Makka ke nan. Yanzu an ce mana ƙasar can ta daskare da ƙanƙara, maƙabartar Musulmi tana wani birni mai nisa, ita kuwa tana cikin firjin asibiti. Matar da ba ta taɓa barin gawar kowa ta jira ba!

Saboda haka ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga Dakta Abdulwasi'u da maiɗakinsa Manar da jikoki da dukan zuriyar Alaramma, Allah Ya ba ku dangana, Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna makoma. Amma ɗana Abdulwasi'u, don girman Allah ka ji ni: kada ka bari su shafa mata hoda, kada su sa mata rigar fita, kada wuta ta kusance ta, kada namiji ya taɓa ta. Mun zauna mun yi shawara, kada ku jira likkafanin nan, jira zai ƙara mata kwana ne a sanyi. Ka sayi farin yadi a can, ka kai ta wurin Musulmi ko da nisa.

Ke kuma Manar, 'yata, na san haihuwar nan Makka ce ke, ba ki taɓa wanka ba, an ce kuka kike kina cewa ba za ki iya ba. Za ki iya. Ki ɗumama ruwa, ki rufe ƙofa, ki buga mini waya ki ajiye ta kusa da kanta. Mu tsofaffi za mu kewaye tawa wayar, mu riƙa gaya miki gaɓa-gaɓa yadda ita ta koya mana, daga dama ake farawa. Ba za mu kashe ba sai kin ɗaure ƙulli na ƙarshe.

Likkafanin kuwa, Dakta, in ka yafe, ƙungiya za ta ajiye shi don wadda za ta fara bin ta a cikinmu. Na mayar da shi akwati, kusa da nawa, kuma tunda wayar nan ta zo ban iya kallon akwatin ba.

Hajiya Iyatu Dawuda
Magajiyar Ƙungiyar Matan Hausawa Mazauna Utaibiyya
Makka, Rabi'us Sani 1437