Goron Baba Sada

Daren Talata, 9 ga Rajab

Baba Sada mugu ne, na faɗa na ƙara. Duk gidan burodin nan shi kaɗai ya san awon kwaɓi, kuma da ya jawo sikeli sai ya aike ni Ƙofar Guga sayo goro. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi burodinmu kamar tubali ya fito. Shi ne Alhaji mai gidan ya ce in koyi awon kafin azumi, ko in koma dakon buhun fulawa.

Yau sai na zo da goron a aljihu. Yana cewa, "Kai Mannir, tahi," na miƙa mashi.

"Ga shi, Baba, fari ma. Auna, ina kallo."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ya kifa kwano bisa sikelin.

"Ɗan nema! Ni shekara nawa na yi ina sayo goro kafin a koya mani?"

Malaminmu na allo bai taɓa ɓoye mani harafi ba. Wannan kuwa so yake ya shiga kabari da awonsa.

Ya dai auna, amma sai da ya aike ni sayo ƙanƙara. Ita ba ta zama a aljihu, tsohon banza.