Tsutsotsin da Na Yi wa Sallah

Kademi, Gaya.
14 ga watan Safar.

Zuwa ga 'yata Naja'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Hafizu da ƙawata Surayya. Allah ya rufa muku asiri a can Fatakwal, ya kare ku daga ciwo da sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna bana, geron babanki ya fitar da kai, gyaɗar gonar hanyar Ajingi kuwa ta rufe ƙasa ruf. Ƙafar mahaifiyarki Hanne ta yi sauƙi, har ta taka ta je Gafasa barkar 'yar'uwarki Baiwa, an samu namiji. Babanki Yaya Gwadabe yana nan yadda kika san shi, shi da rediyonsa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Barau direba, alhali shekaranjiya muka yi waya. Akwai maganar da bakina ya ƙi fitarwa ne, sau uku ina ɗauko ta ina haɗiyewa. Dole kuma ki ji ta kafin watan Mauludi, kafin ki ɗauko Surayya ki kawo mini yaye kamar yadda kika yi alkawari. Naja'atu, tsutsotsin takin nan da kika bar mini amana sun mutu. Ko ɗaya ba ta rage ba. Ni na kashe su da hannuna tun Babbar Sallah, yau wata biyu ke nan, kuma duk wayar da kika tambaye ni ƙarya na yi miki.

Kin san ba ni da bakin cewa ina son su tun farko. Ranar da kika dawo daga makarantar aikin gona da su a gwangwanin madara, ni ce na fi kowa tsiya a gidan nan. Na ce duk karatun da aka kai ki Kano, tsutsa kika samo? Na ce a ɗakin da muke ajiye hatsi za a yi kiwon ƙazanta, ga akuya na neman ɓawon dankali ba ta samu ba? Kika yi dariya kika huda babbar robar nan da ƙusa, kika shimfiɗa yagaggen kwali da busasshen ganye, kika ajiye ta gefen randa saboda sanyi. Shekara uku kina fama da su. Sai da na ga baƙin takin da suke yi, ba wari ba komai, na ga alayyafon da kika shuka a buhu ya fi na lambu kyau, sannan na yi shiru. Da za ki tare a Fatakwal kika ce hanya ta yi musu nisa, kuma duk gidan ba wanda kika yarda da shi sai Goggo Hure. Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi fiye da turmin atamfar da kika ba ni.

Kuma na riƙe su da kyau, Allah ne shaidata. Ɓawon kankana, tsinken alayyafo, ganyen shayi, ɓawon ƙwai dakakke, kaɗan-kaɗan a binne a gefe guda yadda kika koya mini. Ba gishiri, ba mai, ba yaji, ba nama. Na haddace wannan kamar karatun allo. Kullum da safe idan na je ɗiban ruwa a randa sai na ɗaga murfin na yi musu ina kwana, har Hanne tana tsokanata wai na samu 'ya'ya a tsufa. Ina zaginta a baki, amma a zuci ban ƙi maganar ba.

To, ranar Sallah Yaya ya yanka ragonsa. Gida ya cika, kowa na ci. Almuru ba ta yi ba sai da akuyoyi suka ƙoshi, kaji suka ƙoshi, har magen maƙwabta ta samu rabonta. Na shiga ɗakin ajiya ɗauko tukunya, idona ya faɗa kan robar nan, sai tausayi ya kama ni. Na ce haba, duk mai rai a gidan nan ya yi Sallah, su kaɗai za a bari da ɓawon kankana? Na fita na kwaso abin da aka zazzage daga tumbin rago, na ce ai ciyawa ce. Na haɗa da sauran shinkafa da miya, da waina ta jiya, na juye musu ya kai kwano uku. Na san dokarki sarai, ban manta ba. Cewa na yi rana ɗaya ce a shekara, me za ta yi? Don kada ƙuda ya taru baƙi su gani, na danne murfin na rufa tsohon bargo a kai, na toshe duk hujin da kika yi musu na shan iska.

Kwana uku muna suya da rabon nama da karɓar baƙi, ban leƙa ba. Rana ta huɗu wari ne ya kira ni. Da na yaye bargon na sa hannu, cikin robar zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu. Na ƙasa duk sun narke. Waɗanda suka yi ƙoƙarin gudu sun hau jikin murfin sun bushe a nan, saboda ni na rufe musu hanya. Na tona har gindi da yatsuna ko zan ga mai motsi, babu. Innalillahi! Na zauna a ƙasa gefen randa na yi kuka, ni Hure, tsofai-tsofai da ni, a kan tsutsa. Ban ji kunyar kukan ba, kuma har yau ban manta da na jikin murfin nan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi jin kunyarsa. Da kika bugo gaisuwar Sallah kika tambaye su, na ce lafiya lau suke har sun yi ƙiba. Da ruwa ya sauka na ɗauki fartanya na je bakin rijiya na haƙo irin tamu ta ƙasa, na cika kwarya, na wanke robar na zuba, wai kada ki gane. Kwana biyu duk suka tsere, wasu a ƙarƙashin randa, wasu a bakin kaji. Ashe tamu ba ta zaman roba, ƙasa take so ta nutse. Yaya ya same ni ina tsintar su, ya ce Hure wannan ha'inci ne, ki faɗa wa yarinya gaskiya. Na hayayyaƙo masa na ce ya kula da rediyonsa. Wata guda ban gaishe shi da sakin fuska ba, don na san shi ke da gaskiya.

Na san tsutsa ana samun wata. Ba ita ce ke hana ni sukuni ba. Kin fi kowa sanin Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma tun da mijina ya rasu na dawo gidan Yaya, ba a taɓa kawo mini yaye ba. Duk jikokin gidan nan ɗakin Hanne ake kai su, haka kuma ya dace. Ke kaɗai kika tsallake mahaifiyarki kika ce Surayya tawa ce. Tun ranar nake ƙirga wata. Sai ga shi kin ba ni amanar abin da ba ya kuka, kin faɗa mini dokarsa dalla-dalla, na karya ta don ina ganin na fi ki sanin ƙauna, na kuma ɓoye miki. Shekaranjiya da kike gaya mini likita ya hana Surayya gyaɗa da ƙuli-ƙuli saboda jikinta na kumbura, ina amsa miki da to, to, amma hankalina yana kan robar nan. Na san halina. Idan yarinyar nan ta miƙo hannu tana kuka, sauran yara na ci, ban san ko zan iya hana ta ba. In kuma wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, na riga na nuna miki irin amsar da nake bayarwa a waya.

Saboda haka ki yi shawara da maigidanki. Kada ki duba tsufana ko hawayena, ki duba 'yarki. Idan kin ga ɗakin Hanne ya fi, ki kai ta can, ba zan yi fushi ba, ba kuma zan bari kowa ya ce kin yi mini rashin kunya. Tsakanin ɗakina da nata taku goma ne, zan riƙa leƙawa. Abin da nake roƙo kawai ki yafe mini ƙaryar, don ita ta fi kisan ciwo.

Yaya Gwadabe da Hanne suna gaishe ku, Baiwa ma ta ce a miƙa gaisuwarta. Ki gaishe mini da Malam Hafizu da ƙanwarsa Suwaibatu. Surayya kuwa ki shafa mini kanta. Na sa an ɗinka mata 'yar katifa tun watan azumi, amma jiya na naɗe ta na kai ɗakin Hanne da kaina, don kada ki zo ki gan ta a shimfiɗe a nawa ki kasa faɗin abin da ke ranki.

Wassalam.

Taki har kullum,
Goggonki Hure.