Garin da Na Zuba a Madarar Takwararki

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara, da sabon jikan namu da har yau ban ɗauke shi ba. Ya ƙafar taki, ta saki kuwa? Mu nan lafiya lau, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Yaya, maganar nan ba ta waya ba ce, don wadda zan yi zancen a kanta kullum tana gindin keken ɗinkina, kuma ba abin da ke wuce kunnenta. Takwararki ce.

Tun da aka koma makaranta na lura tana yawan ƙifta ido. Na kai ta aka duba, aka ce idonta garau. Sai kafaɗa ta shigo, ta riƙa fizgar ta sama kamar wadda ƙuda ya sauka wa a wuya. Ban gama da wannan ba sai ga wani sauti daga maƙogwaro, kamar mai gyaran murya za ta yi magana, amma ba maganar. A minti ɗaya sai ta yi shi ba adadi.

Kwanakin baya ina auna wata mata a shago, mai jiki ce sosai, ina cikin zagaya ta da tef sai yarinyar nan ta fizgi kafaɗa ta yi sautin nan. Matar ta juyo ta ce ashe a shagon nan har yara ake koya wa yi wa mutane dariya. Kunya ta rufe ni, na zabga wa yarinyar tef ɗin a baya. Ba ta gudu ba. Ta tsaya tana hawaye, idon na ta ƙiftawa, ta ce, "Mama, ba ni nake yi ba, shi yake yin kansa." 

Washegari muka ga likitan yara. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ban riƙe ba. Ya ce yara da yawa suna yi, yana zuwa yana tafiya, kuma galibi yana raguwa in sun girma. Ya ce kada a tsawata mata, kada a zuba mata ido, ta samu isasshen barci, a rage mata shayi da lemon kwalba. Shi ke nan fa. Ba allura, ba ƙwaya. Na fito raina a ɓace, ina cewa mutum ya bi layi tun safe a sallame shi da baki kawai.

To na ɗaura ɗamara da kaina. Na kwashe alewa mai kala da biskit da lemo daga gidan. Na shiga ba ta ayaba, ƙwai, kifi, ganye, da madara mai ɗumi da zuma kafin ta kwanta. Wayata ma na hana ta taɓawa. Babanta ya ce gidan ya koma asibiti, shi da bai yi laifin komai ba an haɗa da shi. Na kama shi da ledar biskit a aljihun mota, yana rantsuwa wai ta fasinja ce.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maigidan da yara, ki shafa min kan jikana.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a da zumar da kika aiko. Ya mai jego, ya kukan jaririn da kika ce ya hana kowa runtsawa?

Yaya, yau da albishir na zo miki.

Abincin nan da farko kamar zai yi aiki. In ta yi barci sosai, ranar sai abin ya lafa. Amma da jarrabawa ta matso sai ya dawo fiye da da. Malamarsu ta kira ni ta ce tana damun aji, yara kuma sun fara kwaikwayonta, in ta wuce su haɗa baki su yi gyaran murya. Ta dawo gida ta ce ita ta gama makaranta. Yarinya 'yar shekara takwas fa.

Kin tuna Mai Turare, wadda ke kawo min ɗinki, mai yawo da jakar humra da kayan ƙamshi? Ta same ni ina ɗinki ina share hawaye. Da na faɗa mata, dariya ta yi ta ce wannan ai ƙaramin abu ne. Washegari ta kawo min wani gari ruwan ƙasa a ƙulle a leda. Ta ce itatuwa ne zalla da citta da kanumfari, ba komai na Bature a ciki, jikokinta ma shi suke sha. Na sunsuna, ƙamshin kayan shayi kawai yake yi. Ta ce rabin ƙaramin cokali a madara safe da yamma.

Yaya, kafin mako ya zagayo abin ya ɗauke. Kafaɗar ta kwanta, sautin ya tafi, idon ma sai jefi-jefi. Na zauna ina kallonta kamar yau aka haifa min ita. Malamarsu ta aiko da yabo wai ta zama mafi natsuwa a aji. Yanzu in ta dawo sai ta kwanta a kan tarin yadi ta yi barcinta har la'asar. Na ce barcin da likita yake faɗa ke nan, ga shi ya samu. Surutun nan nata ma ya ragu. Babanta ne kawai yake ƙorafi wai ba ta tarar shi a ƙofa da tsalle kamar da. Na ce kai dai ba a iya maka, da tana fizga ka damu, ta daina ka damu.

Mai Turare ta ce yana maganin kukan jarirai ma. Na ba Mai Kitso ta shagon gefena, wadda 'yan biyunta ke hana ta aiki, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Don haka ga ƙulli ɗaya na sa miki a cikin rigunan da na ɗinka wa jikana. A lakata kaɗan a ba shi, ku ma ku huta.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Kafin ki karanta komai, tashi ki ɗauko ƙullin garin nan da na aiko miki. Kada a ba jaririn ko da abin da ya taɓa yatsa. In an riga an ba shi, ku kai shi asibiti yanzu, ku tafi da garin. Na kira wayarki da ta maigidan har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda.

Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci, takwararki na kwance a gabana.

Jiya da hantsi ina yanka yadi sai ga malamarsu ta faɗo shago ba ko sallama, gaban rigarta duk jini. Ta ce yarinyar na saukowa daga bene sai kawai ƙafafunta suka saki, ta gangaro, goshinta ya fashe. Ban san yadda na isa asibitin ba, almakashi na hannuna na shiga da shi. An ɗinke goshin, amma ta ƙi farkawa sosai. In an kira ta sai ta buɗe ido rabi, ta yi magana harshe na karyewa kamar na mashayi, ta koma.

Likita ya tambaye ni wane magani take sha. Na ce babu, abinci kawai nake gyara mata, har ina lissafa masa ayaba da kifi ina jin kaina. Ya sake tambaya, ya ce ko jiƙo, ko gari, ko wani abu da aka ba ni. Sai a lokacin na tuna. Babanta ya koma gida ya ɗauko. Wata ma'aikaciyar jinya ta zuba shi a kan farar takarda ta baje da cokali, ta nuna min wasu ƙananan fararen ɓurɓushi a ciki. Ni da nake zuba shi kullum da hannuna ban taɓa lura ba. Aka tafi da shi ɗakin gwaji.

Ɗazu sakamakon ya fito. Ƙwayar barci ce, Yaya, irin wadda ake ba manya masu tsananin ciwo. An daka ta an gauraya da citta da kanumfari da busasshen ganye don ƙamshi ya rufe ta. Likita ya ce ba warkewa ta yi ba, bugar da ita aka yi har jikin ya kasa motsawa. Ya ce da ranar na ƙara mata cokali, numfashinta zai iya tsayawa a cikin barci. Na tsaya ina kallon bakinsa yana motsi, kunnena ya daina ji. Sai ganin kaina na yi a ƙasa, ana yayyafa min ruwa.

Abin da ya ƙara kashe min jiki, ya ce ba za a yanke mata shi rana ɗaya ba, don jikinta ya riga ya saba, tana iya yin jijjiga. Su da kansu za su riƙa rage mata a hankali. Wato 'yata 'yar shekara takwas ce ake yaye wa ƙwaya, kuma ni na ɗora ta, da bismillah, safe da yamma, ina shafa mata kai ina cewa ta shanye duka.

Babanta ko tsawa bai yi min ba. Da ma faɗa ya yi da ya fi min sauƙi. Yana zaune ya riƙe ƙafarta, sai share ido yake yi da hularsa.

Na aika a faɗa wa Mai Kitso. Don Allah ki nemi inda waya ke shiga ki kira ni, ba zan samu natsuwa ba sai na ji muryarki.

Auta

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Har yanzu in na tuna muryarki kina cewa ba ki ko kwance ƙullin ba sai in yi hamdala. Kin ce ba ki yarda da abin da ba ki ga an daka a gabanki ba. Da nakan ce kin cika tsauri. Ba zan ƙara faɗa ba.

An sallame mu, muna komawa ana duba ta. Amma bari in ba ki labarin abin da na gani bayan nan, don har yau kaina bai gama ɗauka ba.

Na je gidan Mai Turare ni da babanta. Na zaci za ta ruɗe, ko ta yi kuka, ko ta ce ba ta sani ba. Yaya, tana zaune tana ƙulla turare ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ai ƙwayar kaɗan ake sawa don garin ya yi saurin aiki, kuma ba ni da bakina na ce ya yi ba? Ta ce ni ce dai na cika hannu. Na waiga na ga jikokinta biyu kwance a tabarma da rana tsaka, ƙuda na bin bakinsu ba sa ko motsi. Babanta ya ja ni waje, daga nan bai tsaya ko'ina ba sai wurin hukuma. Sun zo sun kwashe jakar da ita, an kai yaran asibiti.

Mai Kitso kuwa, da saƙona ya same ta cewa ta yi ita ba ta ga illa ba, in 'yan biyun ba su yi barci ba da me za ta ciyar da su. Na je da kaina na roƙe ta har da durƙusawa. Ta ce in kula da 'yata in bar mata nata. Sai da ɗayan ya wuni bai kama nono ba, kansa na lilo a goye, sannan ta shigo shagona a guje tana kiran sunana. Allah ya sa an kai shi a kan lokaci, yanzu ya warware. Da rana nakan karɓar mata su in ta samu kan da za ta kitsa, su yi ta tsala kuka a shagon, ni kuwa ko a jikina.

Abin takwararki ya dawo, ido da kafaɗa da sautin duka, wasu ranakun ma ya fi na da. Na koma wurin likitan farko, wanda na raina, na zauna na saurare shi da kyau. Ya ce abinci mai kyau ba laifi, zai gina jikinta, amma kada in ɗauka shi ne magani, kada kuma in mayar da cin abinci horo. Barci da wasa da kwanciyar hankali su ne kan gaba. Akwai wata ma'aikaciya da za ta riƙa koya mata yadda za ta gane in abin zai taso. Ya kuma rubuta wa malamarsu bayani, ita ma ta yi wa 'yan ajin magana. Ayaba da madarar muna nan muna sha, amma na bar babanta ya riƙa shigowa da biskit ɗinsa ta ƙofa.

Jiya ina wanke mata ɗinkin goshin na tambaye ta ko ba ta taɓa jin wani abu ba in ta sha madarar. Ta ce tana ji, kanta yakan cika kamar an cusa auduga, allo ya riƙa rabuwa biyu, ƙafarta ta yi nauyi. Na ce to me ya hana ki faɗa min? Tana wasa da bakin zanena ta ce, "Ai tun da na fara sha kika daina kallona kina kuka."

 Na rungume ta, kafaɗar na bugun haɓata, na ƙi sakinta har sai da ta ce na matse ta.

Ki zo don Allah, ko na 'yan kwanaki ne. Tana tambayarki, ni kuma ina son in sa kaina a cinyarki in yi kukan da ba na so ta gani.

Ki gaida maigidan da yara da mai jego.

Ƙanwarki har kullum,
Auta