Shafin da Na Haɗa wa Shagon Wanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Inna da gwiwarta? Ina Baba da yara? Ni lafiya lau. Tsayuwar guga ce dai take kumbura mini ƙafa, amma kada Inna ta ji, na fara sabawa.

Albishirinka! Wata maƙwabciyata da za ta tashi ta bar mini littafi mai kaurin bulo, na koyon haɗa manhajar intanet. Da hutun rana nake jingina shi da kwandon kaya, ina karantawa ina gwadawa a tsohuwar kwamfutar shago. Abin nan ya fi Baba tsanani: ka manta waƙafi ɗaya, ya ƙi motsi sam.

A hankali na haɗa shafin da zai sanar da mutum in an gama kayansa. Ranar gwaji kuwa sai ya aika wa kowa saƙo lokaci guda. Shago ya cika maƙil, ga kaya a jiƙe! Na ce shi ke nan, aikina ya tafi. Mai shago ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe yana aiki! Gyara shi, daga gobe rabin wuni kina kan kujerar kwamfuta."

Na gyara. Zan turo adireshin shafin a wayarka. Don Allah ka kai wa Inna, ka bari ta danna koren maɓallin da ke shafin da yatsanta, ka ce mata autarta ce ta yi shi. A sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta