Ranar da Aka Miƙar da Gidan Inna

Zuwa ga Yaya Habibullah, a Jammu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Inna lafiya lau, sai gwiwa.

Na karanta sharaɗinka, na kuma karantawa: in dusar ƙanƙara ta sauko gidan yana nan a karkace, za ka ɗauke Inna, a rushe shi, a zuba siminti. Ban ga laifinka ba. Tun girgizar ƙasar nan ya jingina wajen rafi, kamar tsohon da ke sauraron wani abu a ƙasa.

Amma na bi ginshiƙan da guduma ɗaya bayan ɗaya, na rubuta amon kowanne a littafina. Babu ruɓaɓɓe. Kawu Lassa kafinta ya ce kakanmu bai sa ƙusar ƙarfe a ƙashin gidan ba, katako ne ya ciji katako, shi ya sa da ƙasa ta motsa ya yi rawa bai faɗi ba. In an cire bulo da lakar da ke tsakani, ana iya jawo shi da igiya ya miƙe. Na ce in ya karye fa? Ya ce, "Sai ka samu itacen girki, ɗan boko, har jikokinka su ji ɗumi."

Ban san ko daidai nake yi ba. Na dai kira gayya.

Ƙaninka,
Sonaullah

Zuwa ga Yaya Habibullah.

Assalamu alaikum. Ina fatan tarin da ka ambata ya tafi. A gaida uwargidanka Yaya Fazi da yara.

An yi aikin. Mun fitar da shanu, mun sauko da ciyawar rufi da buhunan shinkafa, mun cire bango kaf. Inna ce kawai ta ƙi saukowa. Ta ce amarya aka hau da ita benen nan, kuma ba igiya ce za ta sauke ta ba. Na roƙe ta, matata Mugli ta roƙa, liman ma ya sa baki. Ta ce masa, "Malam, kai dai ja addu'a, su su ja igiya."

Da ma ka gani, Yaya. Gida babu bango, hazon safe yana shiga ta nan yana fita ta can, duwatsu suna leƙowa ta tsakanin katako. Can sama ga Inna a zaune a sarari, da ɗan kaskon garwashinta na jin ɗumi cikin riga, kamar tana shawagi. Na ga zanen furen da kakanmu ya sassaƙa a wuraren da laka ta rufe, inda ya san ba mai gani. Har yanzu ina tunanin wa ya yi wa.

Maza ba su isa ba, sai matan unguwa suka kama igiya. Inna ta ajiye kwanon shayin gishiri a daɓe tana kallon bakinsa, inda shayin ya karkata gefe ɗaya. Gidan ya yi wani nishi mai tsawo, ƙura ta zubo. Na rufe ido. Muryarta kawai nake ji daga sama: "Ku ƙara. Lassa, ba ka karya kumallo ba ne? Ku ƙara." Can ta ce, "Tsaya. Shayi ya kwanta."

Ko ginshiƙi ɗaya bai tsage ba. Alhamdu lillahi.

Ƙaninka,
Sonaullah

Zuwa ga Yaya Habibullah.

Assalamu alaikum. Da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

An mayar da bango, Mugli ta yaɓe shi, ɗaki sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka. Yau da hantsi dusar farko ta sauko a hankali, gidan yana tsaye cak a cikinta.

Sai dai akwai abin da ban hango ba, duk da rubuce-rubucena. Shekarun nan da gidan yake karkace, mun yi ta gyara kayan ciki suna bin sa. An rage ƙafar akwati, an ɗaga gefen kanta, an cusa laka ƙarƙashin murhu. Yanzu kwanuka suna zamewa, tukunya tana zubar da miya ta gefe ɗaya. Ni kaina in na hau bene sai in ji ina jingina wajen da babu gangare. Inna tana tafiya tana dafa bango, tana cewa mun karkatar mata da gida. Na ɗauka da gaske take, har na fara ba ta haƙuri, sai na ga tana dariya cikin mayafi.

Ta ba ni saƙo, ta ce kada in sauya ko kalma. Ta ce ka bai wa yara ɗakin da ka share mata, ba ta zuwa. Ƙofar ɗakinta kuma, wadda kai ka fere ƙasanta da hannunka shekarar girgiza, yanzu iska tana shigo mata ta nan. Ta hana Kawu Lassa taɓawa. Ta ce wanda ya fere shi zai zo ya cike, kuma ya taho kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Ƙaninka mai jiranka,
Sonaullah